Kontakta ko rile: wanne ya dace da moton injin casar shinkafa?

Alhaji Garba, Argungu:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sanin harkar wuta, ina neman shawararku kafin in fitar da kuɗi. Ina da injin casar shinkafa a nan Argungu, moton da ke jansa mai fes uku ne (layin wuta uku ke shigarsa), ƙarfin doki 10, wato kilowat 7.5 kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Tun shigowar hunturu kontaktar da ke cikin fanel, wato na'urar da ke ba moton wuta ta kuma yanke masa, ta fara ƙugi, daga baya ta ƙone ƙurmus. Da na aika kasuwa sai aka nuna mini kontakta mai amfiya 18, aka kuma nuna mini wani ɗan ƙaramin rile da aka rubuta amfiya 30 a jikinsa, wanda kuɗin guda uku bai kai na kontaktar ɗaya ba. Yaron da ke taimaka mini ya ce in sayi rile uku a ba kowane fes ɗaya, tunda 30 ta fi 18. Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin da abin haka yake da ba wanda zai ƙara sayen kontakta. Mene ne ainihin bambancinsu?

Oga Isah, Jega:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda da wannan shawarar, ko da kyauta aka ba ka rilen. Asalin aikinsu ɗaya ne, a wurina kontakta rile ce da ta girma, amma rile uku ba su zama kontakta ɗaya. Kontakta tana kama fes ukun nan a tare, ta sake su a tare, saboda ƙarfe ɗaya ne yake ɗauke da su. Idan ka raba su uku, ranar da ɗaya ya ƙi kamawa ko bakinsa ya ƙone, moton zai ci gaba da juyawa a kan fes biyu, yana gurnani yana zafi, kafin yaranka su lura koyil ɗinsa ya tafi. Kuɗin naɗin moto mai doki 10 ya ninka na kontakta nesa ba kusa ba.

Injiniya Bashar, Birnin Kebbi:
Oga Isah ya faɗi gaskiya a kan haɗarin fes biyu, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina da ja a kan cewa girma ne kawai ya raba su, kuma ina ganin idan muka buɗe cikinta za a fi fahimta.

Duk wanda ya taɓa kwance kontakta ya san abubuwan da ke ciki ba su da yawa. A can ƙasa akwai koyil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau dubbai, bakinta biyu su ne aka rubuta wa A1 da A2. Koyil ɗin yana zaune a kan wani ƙarfe da aka haɗa da falle-fallen ƙarfe sirara, an yi shi haka ne domin kada ya riƙa zafi da wutar AC, wato irin wutar layi mai kai da komo. A samansa akwai wani ƙarfen irinsa mai motsi, sifirin yana tokare da shi don kada su haɗu. Da zarar wuta ta shiga A1 da A2, ƙarfen ƙasa ya zama maganaɗisu, ya fizgo na sama, shi ne wannan ƙarar "kas" da ake ji. Ƙarfen sama yana ɗauke da gadoji uku na jan ƙarfe, saukowarsa ke nan sai su haɗa L1 da T1, L2 da T2, L3 da T3, wato ƙafafun da wuta ke shigowa da waɗanda ke kai ta ga moto. Idan aka yanke wutar koyil, maganaɗisun ya mutu, sifirin ya mayar da kome inda yake.

Har nan Oga Isah bai yi kuskure ba, domin rile ma haka yake aiki: ƙaramar wuta tana ba babbar wuta umarni. Inda suka rabu shi ne lokacin sakewa. Haɗa wuta ba shi ne wahala ba, raba ta ce wahala. Moto cike yake da koyil, kuma wutar da ke gudana a cikin koyil ba ta yarda a tsayar da ita farat ɗaya. Bakunan suna fara rabuwa sai wutar ta tsallaka ta cikin iskar da ke tsakaninsu, ta zama harshen wuta irin wanda masu walda ke narka ƙarfe da shi. An ƙera kontakta ne musamman don ta kashe wannan harshen. Kowace gada tana yanke wutar a wuri biyu lokaci guda, don haka harshen ya rabu biyu. Tazarar da bakunan ke bayarwa tana da faɗi, sifirin ɗin yana da ƙarfi don rabuwar ta zama da sauri, an sa bango tsakanin fes da fes, kuma a manyan kontaktoci akwai jerin faranti na ƙarfe a saman bakunan da ke yayyanka harshen su sanyaya shi. Bakunan kansu an lulluɓe su da haɗin azurfa mai jure ƙuna. Ɗan rilen da aka nuna wa Alhaji yana yanke wuta a wuri ɗaya ne, da 'yar tazara ƙarama, kuma ba shi da waɗancan abubuwan. Ba a yi shi don wannan aikin ba.

Shamsu, Yawuri:
Ranka ya daɗe Injiniya, ni wayarin mota nake koyo, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne lambar. Idan kamfani ya rubuta amfiya 30 a jikin rile, ai ya gwada ya ga yana ɗauka. Moton Alhaji kuma bai wuce amfiya 15 ba idan yana aiki. To ina matsalar take?

Malama Rukayya, Birnin Kebbi:
Shamsu, tambayarka ita ce ainihin maganar, kuma ita ce nake fara yi wa ɗalibaina bayani a kai. Lambar da aka rubuta gaskiya ce, sai dai ba a rubuta ta don moto ba. Amfiya 30 ɗin nan na irin kayan da ke jan wuta daidai wa daida ne tun daga kunnawa har kashewa, kamar hita ko dutsen guga. Moto ba haka yake ba. A daƙiƙun farko, kafin ya ɗauki gudu, yana jan abin da ya kai ninki 6 zuwa 7 na wutar da yake ci idan ya daidaita. Moton Alhaji da ke cin kimanin amfiya 15 a kan bolt 400 zai ja kusan amfiya 100 a wajen tashi, musamman idan akwai shinkafa a cikin injin. Wannan ita ce wutar da bakunan za su tarba a daidai lokacin da suke haɗuwa suna ɗan tsalle kafin su zauna. Bakin ƙaramin rile yana iya narkewa ya manne a nan take, kuma idan ya manne, ko an danna maɓallin kashewa injin ba zai tsaya ba.

Saboda haka ne ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60947-4-1 ta kasa aikin kontakta aji-aji. AC-1 na kaya ne irin su hita. AC-3 na moto ne da ake tayarwa a kuma kashe shi yana cikin gudu, shi ne aikin injin casa da injin niƙa da famfon ruwa. AC-4 na moton da ake yi wa kunna-kashe a jere ne ko a juya shi baya yana tafiya, kamar na injin ɗaga kaya, wannan ya fi kowanne cin baki. Ku duba gefen kowace kontakta ta ƙwarai za ku ga lamba fiye da ɗaya. Misali, LC1D18 ta kamfanin Schneider tana ɗaukar amfiya 32 a ajin AC-1, amma 18 kawai a ajin AC-3, kuma an rubuta mata kilowat 7.5 a kan bolt 400. Ƙanwarta LC1D09 tana da 25 a AC-1, da 9 a AC-3. Ke nan kontaktar da aka nuna wa Alhaji, idan da irin ma'aunin rilen aka auna ta, ta wuce 30 ɗin ma. An kwatanta lambar wani aji ne da ta wani aji.

Shawarata ga Alhaji ita ce ya ɗan hau sama da 18 ɗin, ya ɗauki mai 25 a AC-3. Fanel ɗin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ga zafin da muka sani na Kabi, ga injin da ake kunnawa ana kashewa duk wuni, ya cancanci a bar masa rara.

Alhaji Garba, Argungu:
Malama, Allah ya saka da alheri, yanzu na gane zancen lamba. Amma ina so in san abin da ya kashe ta farkon, don kada in sayi sabuwa ta bi sawunta. Na ce muku ta daɗe tana ƙugi kafin ta ƙone, kuma da muka ciro ta koyil ɗin ne ya narke, robar da ke kewaye da shi ta kumbura ta yi baƙi.

Injiniya Bashar, Birnin Kebbi:
Alhaji, ƙugin nan shi ne gargaɗin da ta yi ta ba ku. Wutar layinmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ma'ana ƙarfin maganaɗisun yana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa. Da an bar shi haka, sifirin zai riƙa ture ƙarfen sama duk lokacin da ƙarfin ya sauka, kontaktar ta yi ta karkarwa. Don magance haka ake dasa wani ɗan zobe na jan ƙarfe a fuskar ƙarfen. Zoben yana haifar da nasa maganaɗisun da ke ɗan makara, don haka a lokacin da babban ya sauka shi yana riƙe da ƙarfen. Idan zoben ya tsage, ƙugi ya fara ke nan, kuma ba ya gyaruwa.

Amma a wurin casar shinkafa na fi zargin abu biyu. Na farko ƙura. Fuskokin ƙarfen nan biyu an goge su sumul don su manne babu rata. Ƙaiƙayi da dusar shinkafa da ƙurar hunturu idan suka shiga tsakaninsu, ko tsatsa ta kama, ba za su manne ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne koyil na AC yana jan wuta mai yawa muddin akwai rata tsakanin ƙarafan, sai sun manne take raguwa. A ƙananan kontaktoci abin da yake ja a wajen kamawa ya kai ninki 10 na abin da yake ci bayan ya kama. An yi shi ne ya jure wannan na ɗan ƙiftawar ido kawai. Idan datti ya hana ƙarfen zama, koyil ɗin zai yi ta jan wutar da ta fi ƙarfinsa har ya dahu, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama da haka.

Na biyu ƙarancin wuta. Ƙa'ida ta ce kontakta ta kama da kyau daga kashi 85 zuwa kashi 110 cikin 100 na wutar da aka rubuta wa koyil ɗinta. Ga koyil mai bolt 230, kashi 85 ɗin kimanin 195 ke nan. Idan wuta ta yi ƙasa da haka, sai ta kama, moto ya ja wutar tashi, wutar ta ƙara faɗuwa, ta saki, wutar ta ɗago, ta sake kamawa. Kowane saki da harshen wutarsa, kuma a kan wutar tashi ake yin sa. Minti kaɗan na wannan karkarwar ya fi aikin watanni cin baki. Kafin a ɗaura sabuwa a sa mita a kan A1 da A2 a auna, ba lokacin da injin ke tsaye kawai ba, har da daidai lokacin da ake tayar da shi.

Oga Isah, Jega:
Wannan magana ta Injiniya ina ganinta da idona a injinan niƙa. Za ka buɗe fanel ka tarar an soke tsinke ko guntun kara a gaban kontakta, an danne ta da ƙarfi don ta daina karkarwa. Injin zai yi aiki kuwa, amma an kashe duk wani tsaro da ke cikin fanel ɗin. Obalodi, wato na'urar da ke kare moto idan ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ba shi da ikon tsayar da moto sai ta hanyar yanke wutar koyil, to ga shi an tokare ƙarfen da kara, ko ya yanke ba abin da zai saki. Sannan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, injin zai tashi da kansa, wataƙila hannun yaro yana kan bel. Fanel na ƙwarai ba ya yin haka. Idan ka danna koren maɓalli kontakta ta kama, ɗan ƙaramin bakinta mai lamba 13 da 14 shi ne yake ci gaba da ba koyil wuta bayan ka ɗaga yatsa. Wuta na ɗaukewa sai ya saki, kuma ba za ta sake kamawa ba sai mutum ya zo ya danna da hannunsa. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin sa kontakta a kowane injin da mutane ke aiki kusa da shi.

Abin da nake yi idan na samu mai ƙugi: in kashe bireka, in tabbatar da mita babu wuta, in kwance ta, in goge fuskar ƙarfen da busasshen tsumma, bakunan kuma in ɗan bi su da samfefa mai laushi. Sau da yawa tana komawa aiki.

Malama Rukayya, Birnin Kebbi:
Oga, goge fuskar ƙarfe da busasshen tsumma daidai ne, kada dai a sa mai ko giris, domin ƙura za ta manne. Amma zancen samfefa a kan bakuna ban goyi baya ba. Azurfar da ke kan bakin ba ta da kauri, ita ce kuma take jure harshen wuta. Baƙin da ake gani a kanta ba ya hana wuta wucewa yadda ake zato, ramukan da ke fuskarta ma alamar aiki ne kawai. Duk gogewa ɗaya tana cinye wani abu daga azurfar, ta kuma bar ƙwayoyin yashi a wurin. Ranar da aka kai ga jan ƙarfen da ke ƙasa, bakin zai riƙa zafi, kuma mannewa ta kusa. Masu ƙera su suna cewa a canza bakunan ko a canza kontaktar idan azurfar ta ƙare, ba a goge ba.

Oga Isah, Jega:
Malama, na ji, kuma a littafi haka yake. Amma idan kana ƙauye ranar kasuwa, mata sun jera kwanukan niƙa, shagon da ke sayar da kontakta kuma sai an shiga mota, ba za ka ce wa mai injin ya rufe ba. Ina gogewa ne don a ƙarasa aikin ranar, kuma ina gaya masa a gaban mutane cewa wannan ta gama yayinta, ya sayo wata. Laifin yana wurin wanda ya mayar da gogewar ta zama gyara.

Malama Rukayya, Birnin Kebbi:
A kan haka ba mu da saɓani sosai, Oga, sai dai yaran da ke koyo a hannunku gogewar suke gani, ba sa jin gargaɗin da ke biyo bayanta. Don su nake nanatawa.

Shamsu, Yawuri:
To yanzu ke nan rile ba shi da wani amfani a wajen manyan injina? Mu a mota da shi muke kunna hon da fitilun gaba da fankar lagireto, kuma ba ya ba mu matsala.

Injiniya Bashar, Birnin Kebbi:
A'a Shamsu, yana da amfani ƙwarai, kuma akwai wuraren da kontakta ba za ta iya aikinsa ba. Rilen motar da ka sani, mai ƙafafu 85 da 86 na koyil, da 30 da 87 na kaya, yana aiki ne a kan bolt 12, inda harshen wuta ba ya yin tsawo. Amma ka lura ko a motar ba a ba shi kik. Sitata tana jan ɗaruruwan amfiya, don haka aka yi mata solonayid mai ƙaton faifan jan ƙarfe, wanda aikinsa ya fi kusa da na kontakta.

Rile ya fi kontakta sauri, ba shi da ƙara sosai, koyil ɗinsa kuma yana cin wuta kaɗan ƙwarai, har ƙaramin allon lantarki yana iya kunna shi. Yawancinsa yana da baki mai sauyi, wato ƙafa ɗaya ta tsakiya da ke barin wannan ta koma wancan, alhali manyan bakunan kontakta a buɗe suke zama sai an ba ta wuta. Ƙarar "ƙas-ƙas" da kake ji a cikin sitabilaiza idan wuta tana hawa tana sauka, rile ne ke sauya wa taransifoma ƙafa. A fanel mai kyau kuwa tare suke aiki: rile yana yanke hukunci, kontakta tana zartarwa. Taima rile ne. Na'urar da ke gadin fes, wadda ke sakin koyil idan fes ɗaya ya ɗauke ko wuta ta yi ƙasa, ita ma rile ce, kuma ita nake so Alhaji ya ƙara a fanel ɗinsa. Shi kansa obalodi rile ne: wasu 'yan ƙarafa ne a ciki da ke lanƙwasa idan sun yi zafi, su buɗe bakin nan mai lamba 95 da 96 da wutar koyil ke bi ta cikinsa. A saita shi a kan amfiyar da aka rubuta a jikin moto, kada a murɗa shi zuwa ƙarshe don ya daina damun mutane.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: kontakta ba bireka ba ce. Idan waya ta haɗu da waya, ba ta san an yi ba, obalodi ma ya yi jinkiri da yawa ga irin wannan. Dole a sa bireka ko fiyus a gabanta.

Malam Ɗantani, Kamba:
Assalamu alaikum, na shigo a makare. Ni aikin burtsatse da sola nake yi, kuma ina da abin ƙarawa. A gidaje da yawa ana haɗa sumo, wato famfon da ake zurawa cikin burtsatse, kai tsaye da fulot, makunnin nan da ke yawo a kan ruwan cikin tanki, bakin fulot ɗin kuma ɗan ƙarami ne, ba ya daɗewa yake mannewa, ruwa ya yi ta zuba. Abin da ya dace shi ne fulot ya kunna koyil kawai, kontakta ta ɗauki sumo. Idan sumon mai fes ɗaya ne kuma aka sa masa obalodi na fes uku, a bi da wayar ta cikin ƙafafun ukun a jere, in ba haka ba obalodin zai ɗauka fes ya ɗauke ya riƙa yankewa.

Sai dai tambayata ga Injiniya da Malama ita ce: na ga wasu abokan aiki suna sa kontakta ta yau da kullum tsakanin faranten sola da inbatar famfo, don su riƙa kashewa daga nesa. Ni ban taɓa yi ba domin jikina bai ba ni ba. Ya halatta?

Malama Rukayya, Birnin Kebbi:
Malam Ɗantani, jikinka ya gaya maka gaskiya. Abin da ke taimakon kontaktar AC wajen kashe harshen wuta shi ne sifilin nan da Injiniya ya ambata: sau 100 a daƙiƙa wutar tana mutuwa da kanta, kontaktar kawai hana ta sake kamawa take yi. Wutar DC da ke fitowa daga faranti ko batir ba ta da wannan sifilin. Idan harshen ya kama, yana nan tsaye har sai an ja shi ya yi tsawon da zai tsinke, ko ya cinye bakunan da robar da ke kewaye da su. Faranten da aka jera wa famfon sola kuwa suna kai ɗaruruwan bolt. Kontaktar DC daban ake ƙera ta, ana sa mata maganaɗisu a gefen bakuna da ke ture harshen ya tsawaita, wasu kuma a rufe suke ruf da iskar gas a ciki, irin waɗanda ake sawa a motocin lantarki. Wasu kontaktocin AC an yarda a yi amfani da su a kan DC mai ƙaramin bolt idan aka jera ƙafafunsu, amma sai takardar kamfanin ta faɗi haka da lambobinta na ajin DC. Idan ana son kashe famfon daga nesa, yawancin inbatocin famfo suna da 'yan ƙafafu na umarni da aka tanada don fulot, a nan ne ɗan rile ya dace. Kada kuma a sa kontakta tsakanin inbata da moto a riƙa yankewa yana cikin gudu, inbatar ce za ta lalace.

Alhaji Garba, Argungu:
Na gode muku ƙwarai. Saura abu ɗaya. Ina da janareto na dizal da muke komawa kansa idan babu wuta, kuma da canjoba ta hannu muke sauyawa. Tunda za a buɗe fanel ɗin, ina tunanin a mayar da sauyin ya zama na kontakta. Akwai abin da zan kiyaye?

Injiniya Bashar, Birnin Kebbi:
Akwai, Alhaji, kuma wannan ya shafi rai, ba dukiya kaɗai ba. Kontakta biyu za a sa, ɗaya ta wutar layi, ɗaya ta janareto, kuma sharaɗin shi ne kada su taɓa kamawa a tare ko da na ƙiftawar ido ne. Idan suka haɗu ana da wuta, janareton ne zai tafi. Idan kuwa babu wuta a layi, wutar janaretonka za ta bi waya ta koma taransifomar unguwa ta baya, taransifomar kuma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000 ko fiye a kan layin da ma'aikaci ya hau yana da yaƙinin a kashe yake. Don haka ake yi musu kulle iri biyu. Na waya shi ne a bi da wutar koyil ɗin kowace ta cikin rufaffen bakin 'yar uwarta mai lamba 21 da 22, ta yadda idan ɗaya ta kama ta yanke wa ɗayar hanya. Na ƙarfe kuma wani ɗan makulli ne da ake sawa tsakaninsu, wanda ko da hannu aka danna ta biyun ba za ta shiga ba. A sa duka biyun, kada a wadatu da ɗaya. A nemi masu ƙafa huɗu don nutural ma ya rabu, a auna girmansu da dukkan kayan da ke wurin ba moto kaɗai ba, a kuma sa taima ta ba da 'yan daƙiƙu tsakanin sakin wannan da kamawar waccan.

Oga Isah, Jega:
Alhaji, in ƙara maka da na kasuwa. Jabu sun yi yawa, kwalinsu da rubutunsu kamar na gaske. Ka ɗauke ta a hannu ka ji nauyinta, domin mai arha ana rage mata jan ƙarfe da azurfa ne. Ka danna ta da yatsa ka ji ko tana shiga tana dawowa sumul ba tare da cijewa ba. Ka karanta bolt ɗin koyil da idonka, saboda akwai na 24, akwai na 230, akwai na 400, kuma jikinsu iri ɗaya ne. Idan an ɗaura, a ɗaure sukurorin da kyau, bayan an yi aiki na ɗan lokaci a kashe bireka a sake bin su, domin girgizar injin casa tana sassauta su, kuma sako-sakon waya yana ƙona kontakta kamar yadda ƙarancin wuta ke yi. Fanel ɗin kuma a matsar da shi daga bakin inda ƙaiƙayi ke fita, a toshe ramukan da wayoyi suka shiga, a riƙa rufe ƙofarsa.